Daga Turu Zuwa Asibiti: Halin Masu Taɓin Hankali A Magariya

A ƙauyukan Magariya da Dungas, idan taɓin hankali ya kama mutum har ya kai ga duka ko cinna wuta, iyalinsa sukan fara da malami, ko boka, ko ƴan bori. In abin ya ƙi, sai a sa shi a turu, ko a ɗaura masa mari a bayan gida. Galibi ba mugunta ke kawo haka ba. Sashen masu wannan ciwo yana babban asibitin Damagaram, wajen kilomita 90 daga Magariya. Ga kuɗin mota na mutum uku, ga abinci, ga gona da za a bari a tsakiyar damina.

Ƙasashen Turawa sun daɗe suna tsare irin waɗannan marasa lafiya cikin manyan asibitocin gwamnati, wasu har mutuwarsu. A 1955 Amurka kaɗai tana tsare da mutum fiye da 550,000. Amma a 1952 likitocin Faransa sun fara aiki da maganin Largactil mai kwantar da hauka, sai aka soma sallamar mutane. Italiya ta yi doka a 1978 ta rufe gidajen nan. A Amurka an rage gadaje ba tare da an tanadi isasshiyar kulawa a unguwanni ba, da yawa suka ƙare a titi ko a gidan kaso.

Nijar ba ta taɓa mallakar irin waɗannan manyan gidaje ba, balle ta rufe su. Abin da ta gada daga mulkin Faransawa shi ne Pabiyon E na asibitin Yamai, sannan aka buɗe ƙananan sassa a manyan garuruwa. Da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairun 1994, maganin da ake sayowa daga waje ya yi tsada, nauyin kuwa ya koma kan iyali.

Inda gwamnati ta bar gurbi, wani ke cikawa. A Satumban 2019 ƴan sandan Najeriya sun fitar da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, cikin Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Wata na gaba aka sami 67 a Daura, wadda ba ta da nisa da Magariya. Iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu, wasu don shan ƙwaya, wasu don taɓin hankali, har suna biyan kuɗi.

Alhali an daɗe da nuna wata hanya a Afirka ta Yamma. A 1954 Dokta Thomas Lambo na asibitin Aro, kusa da Abeokuta, ya riƙa saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da ɗan uwansa guda. Da rana su je asibiti su karɓi magani, da dare su kwana cikin mutane. Bai kori masu maganin gargajiya ba, ya yi aiki tare da su. Hikimar a fili take: wanda bai rabu da danginsa ba ya fi saurin komawa gona da kasuwa.

Tun 2008 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya (OMS) ke da shiri a kan wannan turba, wato a koya wa ma'aikatan ƙananan gidajen likita gane ciwon da ba da magani. Akwai allurar da ake yi sau ɗaya a wata, wadda majo zai iya yi a Bande, ko Waca, ko Dungas. Sharaɗin shi ne kada maganin ya yanke a ɗakin ajiya, domin in aka daina shi ciwon yakan dawo, iyali kuma su sake ɗauko turu.