Al Pastor: Naman Makiyayin da Ba na Tunkiya Ba Ne

 Yau hirar tamu ta kicin ce, kuma da labarin kaina zan fara.

Watannina na farko a Houston, na shiga wani kantin 'yan Meziko a unguwarmu. Sai na hangi nama a faranti, an yanka siriri, ya sha kayan haɗi jajawur kamar tsiren da ke jiran wuta. An rubuta "al pastor". Na duba a waya, wai ma'anarsa "irin na makiyayi". Na ce to ai shi ke nan, makiyayi kuma me ya sani in ba tumaki ba? Har na sa a kwando. Wani dattijo da ke bayana a layi ya dubi hulata, ya nuna farantin, ya ce min alade ne. Wallahi da kaɗan ya rage in kai shi tukunya.

To me ya haɗa makiyayi da alade? Daga ƙarshen shekarun 1800 zuwa farkon 1900, 'yan Labanan da yawa suka yi ƙaura zuwa Meziko, kamar yadda 'yan uwansu suka zo mana Kano da kasuwanci. Akasarin na Meziko Kiristoci ne. Attajirin nan Carlos Slim ma daga tsatsonsu ya fito. Su suka zo da shawarma, naman rago a jere a jikin ƙarfe yana juyawa gaban wuta. A birnin Puebla, wajen shekarun 1930, aka fara sayar da ita da sunan tako na Larabawa. Da tafiya ta yi tafiya, mutanen ƙasar suka maye ragon da alade, don shi ya fi samuwa a wurinsu, suka ƙara nasu barkonon, suka ɗora abarba a sama. Ƙarfen suna ce masa "trompo", wato abin wasan yaran nan mai juyawa kamar katantanwa. Nama ya canza, suna ya zauna.

Saboda haka abu na farko, musamman ga 'yan uwana Musulmi da ke Amurka ko masu shirin zuwa: karanta takarda. "Cerdo" ko "puerco" alade ne. "Manteca" yawanci kitsen alade ne. "Pollo" kaza, "res" naman sa. In an rubuta "al pastor" kawai ba ƙari, ɗauka alade ne. Ko na kaza ka gani, batun yanka yana nan, don haka ni yanzu naman halal nake saya in haɗa da kaina.

Haɗin ba wuya. Jan launin daga "achiote" yake, wani ƙullin 'ya'yan itace da aka fi sani a yankin Yukatan. Sai busasshen barkonon "guajillo", wanda ba shi da yaji sosai, ya fi kusa da tattasai. A jiƙa shi a ruwan zafi, a markaɗa da tafarnuwa, ruwan khal, gishiri da ɗan ruwan abarba.

Yanzu girkin. Ko na kanti ne wanda aka riga aka jiƙa, ko naka na gida, ko wane irin nama ne, ƙa'idar ɗaya ce, kuma a nan mutane ke ɓata shi. Gida ba mu da ƙarfen nan mai juyawa, kasko ne zai yi aikinsa.

Ka tsane naman tukuna, ka rage ruwan haɗin. Kaskon ya yi zafi sosai, mai kaɗan. Kar ka juye duka lokaci guda. Karon farko haka na yi, naman ya saki ruwa, na tashi da farfesu maimakon gashi. Kaɗan-kaɗan za ka riƙa zubawa, ka bar shi minti biyu zuwa uku ba ka taɓa ba, sai gefensa ya yi duhu sannan ka juya. Amma ka tsaya a kai fa, don zaƙin abarba saurin ƙonewa gare shi.

Abarbar ma da nata sharrin. Ɗanyarta tana da sinadarin da ke narkar da nama. In ka bar ta ta kwana a ciki, da safe naman ya dagargaje. Gara ka gasa yankanta daban, ka ɗora a ƙarshe.

Kuma kar jan launin ya ruɗe ka, don yana ɓoye ɗanyen nama. Hukumar noma ta Amurka ta ce kaza sai cikinta ya kai digiri 74 a ma'aunin Selsiyos. Yankan naman sa, na rago ko na alade kuwa 63, a bar shi ya huta minti 3. Ruwan haɗin da ɗanyen nama ya zauna a ciki kuma ba a zuba shi kan dafaffe sai an tafasa.

In ya yi, ka daddatsa ƙanana, ka ɗumama gurasar masararsu mai suna tortiya, ka sa albasa, abarba da lemon tsami. Ni cinyar kaza na fi so, ba ta bushewa.

Wanda ya gwada ya faɗa mana yadda ta kaya. Mu haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.