Shafen Gilashi da Gashin Tanderu: Abin da Aka Koya a Makarantar Tukwane ta Abuja

Ginin tukwane tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Tulu da randa da kasko da tukunyar tuwo duk an gaje su kaka da kakanni. Amma akwai wani reshe na sana'ar da bai shigo Nijeriya ta Arewa ba sai a tsakiyar ƙarni na 20, watau shafa wa kayan yumɓu wani haɗi da ke narkewa ya zama gilashi, da kuma gasa su cikin rufaffen tanderu mai tsananin zafi. Irin wannan aiki shi ke ba da kayan da muke kira tangaran ko faɗi-ka-mutu. Nufin wannan takarda shi ne a bayyana yadda ake koyonsa, a kuma nuna inda ya fi gashin gargajiya da inda ya kasa shi, domin malaman da za su koyar da shi su san abin da suke ɗora almajiransu a kai. Za mu kafa misali da makarantar da aka buɗe a Abuja ta dā, garin da yanzu ake kira Suleja.

Gashin gargajiya

Magina na gargajiya sukan cuɗa yumɓu da yashi ko dakakken tsingaro, su gina da hannu, su shanya. Ranar gashi a jera tukwane a matoya, a lulluɓe da itace da kara da ciyawa, a cinna wuta. Zafin irin wannan wuta yakan tsaya tsakanin digiri 600 da 900 bisa ma'aunin santigireti, aikin kuma ba ya daɗewa. A waɗansu wurare akan yayyafa wa tukunya ruwan makuba tun tana da zafi, don ta yi duhu ta kuma rage tsatsafo.

Kada a ɗauka ƙarancin zafin nan kasawa ce. Da yake yumɓun bai narke ya haɗe ba, jikin tukunyar cike yake da ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Ruwa na tsatsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, ta tafi da zafi, shi ya sa ruwan randa ke sanyi ko a watan bazara. Ƙofofin nan kuma su ke ba tukunya sararin buɗawa da tsukewa a kan murhu ba tare da ta tsage ba. Aibinta dai shi ne tana shan mai da miya, ba ta wankuwa sarai, kuma ba ta da wuyar fashewa.

Makarantar Abuja

Michael Cardew Bature ne mutumin Ingila, an haife shi a 1901. Ya koyi sana'a a hannun Bernard Leach daga 1923 zuwa 1926. A 1942 ya tafi Kwalejin Acimota a ƙasar da yanzu ake kira Gana, daga baya ya kafa matoyarsa a Vume, bakin kogin Volta, inda ya sha fama da yumɓun da ba ya jimre wuta mai tsanani. A 1950 gwamnatin Nijeriya ta ɗauke shi jami'in tukwane a ma'aikatar ciniki da sana'o'i. Ya zagaya ƙasa yana duban aikin magina, abin da ya gani kuwa ya sa ya ba da shawara kada a taɓa ginin gargajiya, gama ya dace da bukatar masu shi. Abin da ya ga babu shi ne kofi da faranti da butar shayi masu wankuwa, waɗanda a lokacin sai an kawo daga ƙetare.

Ya zaɓi Abuja saboda akwai yumɓu da itace da ruwa, ga kuma Sarkin Abuja Sulaimanu Barau mai son abin. Aka buɗe makarantar a 1952, almajiran farko duk maza. A 1954 Ladi Kwali ta shiga, ita ce mace ta farko. Bagwariya ce daga Kwali, ta riga ta gwanance a ginin hannu, har Cardew ya fara ganin tukwanenta a fadar Sarki. Cardew ya riƙe makarantar har 1965, Michael O'Brien ya gaje shi. A 1969 ya fitar da littafinsa Pioneer Pottery, wanda ya tattara abin da ya koya game da neman kayan aiki a ƙasar da ba a sayar da su a kanti.

Mene ne shafen gilashi?

Shafen nan gilashi ne sosai, sai dai an shirya shi yadda zai manne wa yumɓu. Abu uku ke cikinsa, kowanne da aikinsa.

Na farko silika, ita ce ainihin gilashin. Ana samunta a farin yashi da dutsen ƙanƙara da tokar ɓuntun shinkafa. Ita kaɗai ba ta narkewa sai zafi ya wuce digiri 1,700, wannan kuwa ya fi ƙarfin tanderun magini.

Na biyu manarka, watau abubuwan da ke sa silika ta narke a zafin da bai kai haka ba. Tokar itace na daga cikinsu, da dutsen da ake yin siminti da shi irin na Kalambaina a Sakkwato, da wani ma'adini fari ko jaja-jaja da ke cikin duwatsun ƙasarmu, wanda masana ke kira feldisfa. Kanwa ma manarkiya ce, amma tana narkewa a ruwa, tukunya ta tsotse ta, saboda haka ba a zuba ta ɗanya.

Na uku alumina, wadda ake samu a yumɓu, musamman farin yumɓu irin na Ƙanƙara a ƙasar Katsina. Ita ke sa narkakken gilashi ya yi kauri kamar zuma, ya tsaya a jikin tukunya maimakon ya zurare ƙasa.

Launi kuma daga ƙarfe yake fitowa. Tsatsar baƙin ƙarfe kashi 1 ko 2 cikin 100 tana ba da kore-kore mai haske in an gasa cikin hayaƙi. In ta kai kashi 8 zuwa 10 sai ta ba da baƙi mai ratsin ja. Mutanen Sin sun san shafen toka fiye da shekara 3,000 da suka wuce, asalinsa kuwa tokar da wuta ke watsawa kan tukwane ta narke a kansu.

Akwai wata hanya mai sauƙi, watau shafen dalma, wanda ke narkewa a wajen digiri 1,000. Cardew kansa ya yi aiki da shi a Ingila kafin ya zo Afirka. Lalle malami ya hana almajiransa wannan. Dalma dafi ce ga mai haɗa ta, kuma abinci mai tsami, kamar kunun tsamiya ko nono, yana iya jawo ta daga jikin kwano zuwa cikin mai ci. Gashi mai tsanani ba ya bukatar dalma ko kaɗan.

Yadda ake koyon haɗi

Ba a haddace haɗi daga littafi a ce an iya. Tokar kirya dabam take da ta karan dawa, dutsen wannan gari dabam da na wancan. Saboda haka hanyar koyo ita ce gwaji da rubutu.

Almajiri ya tara toka, ya tankaɗe, ya jiƙa ta ya tsiyaye ruwan sau da yawa, yana kiyaye hannunsa don ruwan toka yana cin fata. Ya daka dutse, ya niƙa shi har ya yi laushi kamar gari. Kome a auna shi busasshe a kan sikeli, kada a auna da mudu ko gwangwani. Akwai sanannen haɗi da masu sana'ar ke farawa da shi: toka kashi 40, feldisfa kashi 40, yumɓu kashi 20. Daga nan ya yi ƙananan allunan yumɓu, ya sa wa kowanne lamba, ya riƙa sauya abu guda kawai, misali ya ƙara toka kashi 10 ya rage dutse kashi 10, har ya sami jeri. A gasa su duka a wuta ɗaya. Wanda ya zurare ya nuna manarka sun yi yawa. Wanda ya fito da kaushi kamar bango ya nuna sun yi kaɗan, ko wuta ba ta kai ba.

Akwai aibi uku da ya kamata ya gane da ido. In shafe ya yi tsage-tsage kamar saƙar gizo, to ya fi jikin tukunya tsukewa sa'ad da suke hucewa, maganinsa yawanci a ƙara silika. In yana ɓamɓarewa a baki, jikin ne ya fi shi tsukewa. In ya tattare ya bar fili, akwai ƙura ko maiƙo a jikin tukunyar, ko an shafa da kauri ainun. Wanda bai rubuta abin da ya auna ba, ko ya dace da kyakkyawan shafe ba zai iya maimaita shi ba.

Tanderu da wuta

Tanderun wannan aiki ɗaki ne na tubali mai jimre wuta, da bakunan zuba itace, da bututun hayaƙi. Wanda ya fi raba zafi daidai shi ne wanda harshen wuta ke hawa ya bugi rufi, sa'an nan ya sauko ta tsakanin kaya ya fita ta ƙasa. Jan yumɓun da ake tulu da shi ba ya jimre wannan wuta, sai ya lanƙwashe ko ya narke, don haka akan haɗa shi da farin yumɓu, a kuma gwada shi kamar yadda ake gwada shafe.

Yawanci gashi biyu ake yi. Na farko ya kai wajen digiri 900 zuwa 1,000, don kaya su yi ƙwarin da za a tsoma su cikin ruwan shafe. Na biyu ya kai digiri 1,250 zuwa 1,300. Akwai matakai da dole a bi su a hankali. A digiri 100 sauran laima ke zama tururi, in an yi gaggawa tukunya ta fashe. Tsakanin 450 da 600 ruwan da ke cikin halittar yumɓu ke fita, daga nan ba ya sake komawa laka. A digiri 573 ƙwayoyin yashi ke buɗawa farat ɗaya, su kuma tsuke a daidai nan in ana hucewa, shi ya sa ba a buɗe tanderu da wuri. Babban tanderun itace yakan ci yini da dare ana zuba masa wuta, ya kuma yi kwanaki yana hucewa.

Gwani yana karanta zafi da launi: ja mai duhu, sa'an nan ruwan goro, sa'an nan rawaya, har ya kai fari mai kashe ido. Amma ido yana ruɗi. A 1886 wani Bajamushe, Hermann Seger, ya ƙago waɗansu 'yan tsinkaye masu lamba, waɗanda aka haɗa su yadda kowanne zai rusuna in ya sha wani gwargwadon wuta. Akan jera uku a gaban ramin leƙe, misali lamba 8 da 9 da 10. Fa'idarsu ita ce suna auna zafi tare da daɗewarsa, kamar yadda shafen kansa ke ji.

Iska ma abin lura ce. In an sake ta, wuta na ci fes, tsatsar ƙarfe ta ba da ruwan zuma ko ruwan ƙasa. In an rage ta har tanderu ya cika da hayaƙi, wuta takan zare iskar da ke jikin tsatsar, launi ya juya kore. Haɗi guda ke nan ya ba da launi biyu, bisa ga yadda aka sarrafa maƙogwaron bututu.

Abin da aka samu da abin da aka rasa

Aikin Ladi Kwali ya isa shaida. Ta koyi gini a kan keke mai juyawa, amma ta ci gaba da gina manyan tukwanen ruwa da hannu yadda ta gada, tana zana ƙadangare da kunama da kada da kifi a jikinsu. Bambancin shi ne yanzu ana cike zanen da farin yumɓu, a shafe, a gasa a tanderu. An nuna su a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20.

Duk da haka, tukwanen nan sun yi nauyi, kuma da yake ƙofofin jikinsu sun toshe, ba sa sanyaya ruwa. Sun tashi daga kayan aiki sun koma kayan ado. Haka kuma yawancin abin da makarantar ta gina Turawa da masu hali suka saye, gama itace da niƙan dutse da asarar gashi sun sa kuɗinsu ya fi na kwanon tasa da na roba. Matan ƙauye kuwa suka ci gaba da sayen randa da tukunyar gargajiya, ba don rashin sani ba, don su suka fi biyan bukata.

To, abin da malami zai ɗauka a nan shi ne ya fara tambayar almajiri abin da tukunyarsa za ta yi. In ta ajiye ruwan sha ce ko ta ɗora a murhu, gashin matoya ya fi, ya kamata kuma a kai almajirai wurin maginan garinsu su gani su koya. In kofi ne ko faranti ko kwanon asibiti, wanda ake so ya wanku ya daɗe, nan ne shafe da tanderu ke da amfani. Kayan farawa ba su da yawa: sikeli mai kyau, da turmi, da rariya, da ƙaramin tanderun gwaji, da littafin da za a rubuta kowane awo da kowane gashi. Makarantar da ta riƙe irin wannan littafi shekara biyu ko uku za ta san tokar da dutsen da yumɓun yankinta sanin da babu littafin ƙetare da zai ba ta.