Tarihinmu na Gida da na Waje: Darasi daga Ailan ga Ɗaliban Maradun

Idan aka tambayi ɗalibin sakandare a Maradun ko Bakura inda Hausawa suke zaune, zai lissafo Kano da Katsina da Sakkwato, wataƙila ya ƙara da Maraɗi. Da wuya ya ambaci Kumasi ko Sudan, balle Brazil. Alhali duk wuraren nan akwai sawun kakanninmu, kuma akwai littattafan da suka bi wannan sawu.

Bari mu fara leƙawa Ailan, wani tsibiri da ke yamma da Ingila. Daga 1845 zuwa 1852 cuta ta lalata dankalin Turawa, abincin da talakawan ƙasar suka dogara da shi. Yunwa da cututtuka suka kashe mutum kusan miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka hau jiragen ruwa suka yi hijira, yawancinsu zuwa Amurka. A 1841 mutanen tsibirin sun haura miliyan 8, kuma har yau bai sake kai wannan adadi ba. Yanzu Amurkawa fiye da miliyan 30 ne ke cewa asalinsu Ailan. Abin da ya taimaka wa jikokin nan suka san tushensu shi ne rubutu. Ɗaya daga cikin sanannun littattafan yunwar shi ne The Great Hunger na Cecil Woodham-Smith, wanda ya fito a 1962.

Mu ma muna da namu. A 1978 Mahdi Adamu, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Sakkwato, ya wallafa The Hausa Factor in West African History. Littafin ya nuna yadda fatake da malamai da masu sana'a suka bazu a Afirka ta Yamma suna kafa zango. Paul Lovejoy ya bi fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja a cikin Caravans of Kola na 1980. Shi kuwa Abner Cohen, a 1969 ya yi rubutu kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan.

Ba kowa ne ya fita don neman riba ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka yi gabas har Sudan. Garin da suka kafa a bakin kogi yana amsa sunansa har yau, kuma Mark Duffield ya rubuta littafi a kansa a 1981. Wasu kuma a ɗaure aka kai su Bahia ta Brazil a matsayin bayi. Masanin tarihi João José Reis ya bayyana yadda bayi Hausawa suka ƙulla tawaye a can tun 1807.

To, ina labarin gida? A ƙarni na 18 Gobirawa a ƙarƙashin Babari suka ci Birnin Zamfara, suka gina Alƙalawa, Zamfarawa suka warwatsu. Bajamushe Kurt Krieger ya wallafa tarihin Zamfara a 1959, amma da Jamusanci. Garba Nadama, gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato daga 1981 zuwa 1983, a kan tasowar daular Zamfara da faɗuwarta ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977. Kun ga matsalar: yawancin abin da aka rubuta a kanmu yana cikin harsunan Turawa, ko yana ajiye a ɗakin karatun jami'a. Wanda ke son farawa da Hausa sai ya nemi Labarun Hausawa da Maƙwabtansu.

Akwai kuma tarihin da ke bakin ƙofarmu. Da aka gina madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978, dubban mutane sun rasa gidaje da gonaki. A watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyya, aka rasa rayuka. Waɗanda suka ga abin da idonsu sun tsufa. Ga shi yau ma 'yan bindiga suna tayar da ƙauyuka, mutane na gudu zuwa Gusau da Talatar Mafara, wasu har jihar Maraɗi. Ƙauyen da ya tashi ba a rubuta labarinsa ba, jikokinsa ko sunansa ba za su riƙe ba.

A nan ne darasin Ailan zai yi mana amfani. Tsakanin 1937 da 1939 hukumar tattara al'adun ƙasar ta ba 'yan firamare aiki. Yara sama da 50,000 daga makarantu 5,000 suka zauna da iyaye da kakanni da maƙwabta, suka rubuta abin da suka ji. Aka tara shafi kusan 740,000, kuma yau ana karanta su a intanet. Yaran ba masana ba ne, littafin rubutu da alƙalami kawai suke da su.

Ku ma za ku iya. A hutun nan ku ware littafi guda, ku zauna da kaka ko wani dattijon unguwa. Ku tambaye shi daga ina zuriyarku ta taso, wa ya tafi fatauci ko aikin hajji a ƙasa bai dawo ba, ina gonarku take kafin ruwan Bakolori ya rufe ta. Ku rubuta ranar hirar da sunan garin, ku bar maganarsa yadda ya faɗe ta. Ku nemi izininsa kafin ku sa sunansa, kuma kada ku rubuta abin da zai jefa wani cikin haɗari. In an koma makaranta ku kai wa malamin tarihi, a haɗa na ajinku wuri ɗaya a ajiye. Da yayyafi kogi kan cika.