Gina Shafin Intanet Kamar Ban Ruwa Ne

Mai karatu, idan ka karɓi wayar ɗanka ka duba farashin taki, abin da ya fito a fuskar wayar shi ake kira shafin intanet. Mutane da yawa a Kura da Bunkure suna zaton sai mai digiri ke iya gina shi. Ba haka ba ne. Wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci, ya iya haɗa baƙi da wasali, ya riga ya yi rabin aikin.

Shafi rubutu ne kawai da aka yi wa alamomi. Alamomin su ke gaya wa kwamfuta ko waya cewa wannan kan magana ne, wannan kuma bayani ne. Sunan tsarin HTML. Wani Baturen Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya ƙirƙiro shi a wata cibiyar bincike mai suna CERN a ƙasar Suwizalan. A 1991 jama'a suka fara ganin shafin farko. A 1993 cibiyar ta ce kowa ya yi amfani da tsarin kyauta.

Manomin rani zai fi kowa saurin ganewa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ja ruwa zuwa gonakin Kadawa da kewaye, kowa ya san dokar ban ruwa. Ka buɗe bakin fangali da fartanya, ruwa ya shiga. In ya cika, ka toshe, ka wuce na gaba. To, haka alamomin nan suke. Akwai ta buɗewa, akwai ta rufewa. Duba wannan:

<h1>Ƙungiyar Manoman Shinkafa</h1>
<p>Muna da shinkafa buhu 40 a sito.</p>

Alamar <h1> ta buɗe kan magana, shi ya sa zai fito da manyan baƙaƙe. Alamar </h1> ta rufe shi. Ka lura da ɗan karkataccen layin da ke cikinta, shi ne toshiyar. Ita kuwa <p> ta sakin layi ce, wato bayani na yau da kullum.

Me zai faru in ka manta ba ka rufe <h1> ba? Abin da ke faruwa in ka bar bakin fangali a buɗe ka tafi sallar azahar. Ruwa ya malale har cikin tumatirin maƙwabci. Duk rubutun da ya biyo baya zai kumbura ya zama kan magana. Wannan kuskure ne da masu koyo ke yawan yi, gyaransa kuma minti ɗaya ne.

Shafi yana da kai da jiki. Kai yana tsakanin <head> da </head>, nan ake sa sunan shafin. Jiki yana tsakanin <body> da </body>, nan ne duk abin da mai dubawa zai karanta. Mu masu rubutun Hausa akwai layi ɗaya da bai kamata mu bari ba a cikin kai:

<meta charset="utf-8">

In babu shi, ƙ da ɗ da ɓ suna iya fitowa a hargitse. Wasu sai su daina sa lanƙwasa don gudun wahala. Ban yarda da wannan ba. Ƙasa daban, kasa daban, manomi kuwa ba ya son a ce ya kasa.

Ba a buƙatar data don koyo. A kwamfuta akwai wurin rubutu mai suna Notepad. Ka rubuta, ka adana da suna kamar shinkafa.html, sannan ka buɗe shi da Chrome. Nan take za ka ga aikinka.

Amma fa a wannan mataki kai kaɗai ke ganinsa. Kafin ɗan kasuwa a Legas ya gani, sai an kama hayar wuri a wata babbar kwamfuta da ba a kashewa dare da rana, an kuma yanki suna. Sunayen Nijeriya suna ƙarewa da .ng, ana kuma sabunta kuɗinsu duk shekara. A nan shugabannin ƙungiyoyi su yi hattara. In kun ba wani yaro aikin, ku tabbata da sunan ƙungiya aka yi rajista, kalmar sirri kuma tana hannun sakatare. In da sunansa ya yi, ranar da kuka ɓata ya tafi da shafin. Kada kuma a rubuta lambar BVN ko lambar sirrin katin banki a shafi, domin duk duniya ke gani.

Shafi ba ya hana tumatir ruɓewa a Kwanar Gafan. Kayan gwari sai kiran waya da mota a kusa. Shinkafa da alkama, masu jure ajiya, su suka fi dacewa da shi. A rubuta irin shinkafar, yawan buhuna, da lambar wayar ƙungiya. In kaya sun ƙare, sakatare ya buɗe Notepad ya canja 40 ɗin nan.