Kafson Ja-da-Yalo Ba Zai Ceci Zakaranka Ba

Duk shekara maganar ɗaya ce. Da an kawar da amfanin gona, hunturu ya fara busawa, sai ka ji koke ya tashi daga Bichi zuwa Ɗambatta, Makoɗa, Kunci da Tsanyawa: kaji sun fara zubewa. A da asarar ta uwargida ce da 'yan kajinta. Yanzu ta hau kan samarin da suka shiga sha'awar kiwon dogayen zakarun nan masu faɗin ƙirji da tsayuwar soja. Yaro zai sayar da akuya ya sayi zakara guda, ya yi ta ɗaukarsa hoto yana sawa a Facebook, kafin wata biyu ka gan shi riƙe da gawarsa yana cewa baki ne ya kama shi. Ka tambaye shi ko ya yi masa rigakafi, sai ya ce ai kullum yana zuba masa kafso a ruwa. Na gaji da jin wannan amsa.

Waɗannan zakaru irin faɗa ne tun asali. Wanda ake kira Asil daga Indiya da Pakistan ya fito, Shamo kuma daga Japan, inda tun 1941 gwamnati ta sa shi cikin jerin halittun da doka ke karewa. A Ingila an haramta faɗan zakaru a 1835, sai masu kiwo suka koma ajiye su don ado da gasar kyau. Mu ma iyakar halas ɗinsu ke nan, domin malamai sun hana haɗa dabbobi faɗa, balle a ɗora caca a kai.

To, ina kuskuren yake? Mutane sun ɗauka abu biyu. Na farko, wai zakara mai ƙira irin wannan ya fi ƙarfin cuta. Na biyu, wai ko ta zo, kafson ja-da-yalo na kemis zai kore ta, musamman in an haɗa da barkono, gautan kaji ko sassaƙen maɗaci. Duka biyun ba gaskiya ba ne.

Annobar da ta fi kashe kajin karkara a ƙasar nan ita ce wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil. An fara gane ta a 1926 a tsibirin Jaba na Indunusiya da kuma garin Niyukasil na Ingila, a Najeriya kuwa an tabbatar da ita a Ibadan tun farkon shekarun 1950. Duk mai kaji ya san kamanninta. Kaza za ta takure gefe guda, fukafukai a sake, tana buɗe baki tana jan numfashi da ƙyar, kashinta ya koma kore tsululu. Wadda ta kwana biyu sai wuya ya murɗe, kai ya juya sama, tana zagaye wuri ɗaya har ta faɗi. In mai zafin ce ta shiga gidan da ba a yi rigakafi ba, tana iya share akurki kakaf. Ba ruwanta da tsawon ƙafa ko kaifin ƙaimi. Ƙarfin dantse daban, garkuwar jiki daban. Hasali ma baƙon zakara da aka ɗauko daga nesa, ya sha wahalar mota, ya sauka cikin sanyin da bai saba ba, shi ne na gaba a layi. Shamo da Asil gashinsu gajere ne a manne da jiki, ƙirjin wasu ma a tuɓe yake, sanyin asubar Janairu yana ratsa su fiye da kazar gida.

Sai batun kafso. Abin da ke cikin ja-da-yalo magani ne na kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya. Niyukasil kuwa bairos ce, irin dangin abin da ke kawo ƙyanda ga yara. Maganin bakteriya ba ya taɓa bairos, ko ka juye kwali guda a kaskon ruwa. Har yau babu maganin da ke warkar da wannan cuta in ta kama kaza, ko a Turai ko a nan.

Na san me za a ce: "Ai ni na ba tawa ta tashi." Haka ne, tana iya tashi. Ko ba a ba da komai ba, a kan samu 'yan tsirarin da ke tsallakewa, musamman tsofaffin da suka taɓa haɗuwa da cutar a baya. Wani lokaci kuma abin da ya kama kazar ba Niyukasil ba ne, wata cuta ce ta bakteriya mai kama da ita, sai maganin ya yi katari. Mai kaji ashirin ya binne sha bakwai, ya riƙe uku, sannan ya zauna a majalisa yana yabon kafso. Wa zai tambaye shi sha bakwai ɗin nan, ba su sha ba ne? Barkono da maɗaci ma haka: kazar da numfashi ke gagara an ɗura mata yaji, an ƙara mata azaba kawai.

Ɓarnar ba a aljihu ta tsaya ba. Zuba kafso kullum a ruwan kaji yana koya wa ƙwayoyin cuta jure maganin, ranar da ake buƙatarsa da gaske sai ya ƙi aiki. Ragowarsa kuma na zama cikin nama da ƙwai, mu ci, 'ya'yanmu su ci. Maganin da aka yi don ɗan Adam ne muke kashe wa kaifi da hannunmu.

Wasu kuma sai su fake da karin magana, wai zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Gaskiya ne, amma mai wannan magana ba ya barin ƙofar shagonsa a buɗe ya tafi barci. Tawakkali bai hana ɗaukar mataki ba, kuma dabbar da ka tsare a gidanka amana ce da za a tambaye ka.

Dalilin da ya sa cutar ke tashi da hunturu a yankinmu a bayyane yake. Gidajenmu a cuɗe suke, gona na manne da gona. Da damina ana tsare kaji saboda shuka, da kaka kuma a sake su, kajin unguwa duka su haɗu a kan tsaba ɗaya a masussuka, ga zabbi, ga agwagin da kan ɗauki cutar ba tare da sun nuna alama ba. Lokacin ne kuma fataucin kaji ke ƙaruwa. Mafi muni, wanda ya ga kajinsa sun fara takurewa sai ya ɗaure su a babur ya nufi kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi, ya karyar da su kafin su mutu. Mai neman araha ya saya, ya kai wa garinsu annoba. Wannan ba dabara ba ce, cin amana ne.

Mafita ita ce rigakafi, kuma ba sai an fita waje ba. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurai da ɗigon rigakafin wannan cuta. Akwai Lasota da ake sawa a ruwan sha ko a ɗiga a ido. Akwai kuma I-2, wanda aka samar a Ostareliya musamman don kajin ƙauye, saboda ya fi jure zafi. Ɗigo ɗaya ne a ido ɗaya, tsako da babba duk ɗaya. Ka sayi naka a wurin likitan dabbobi ko shagon da ka ga firij ɗinsa na aiki, ka ɗauko shi cikin ƙanƙara. Wanda ya kwana a aljihu ko ya sha rana a kan tebur yana iya mutuwa. In Lasota ce ta ruwa, ka hana kajin ruwa na awa ɗaya ko biyu da safe, ka dama da ruwa mai tsabta wanda ba a sa masa sinadarin kulorin ba, su shanye cikin awa biyu, ragowar a zubar. Kwalba ɗaya ta ishi kaji ɗari ko fiye, don haka ku haɗa kuɗi da maƙwabta a yi wa na unguwa rana ɗaya. Zakaranka ba zai zauna lafiya ba in na maƙwabcinka na mutuwa a bayan danga.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Garkuwar na ɗaukar kusan mako biyu kafin ta kafu, saboda haka a yi tun watan Oktoba, a maimaita duk bayan wata uku zuwa huɗu. Kaza mai lafiya ake yi wa. Nemansa bayan an fara mutuwa ihu ne bayan hari.

Sabon zakara, komai kyansa, a ware shi mako uku nesa da sauran, da kaskon ruwansa daban. Aron zakara don barbara shi ma hanyar cuta ce. Abokan da ke zuwa kallo su tsaya daga waje, domin takalmi na ɗauko ta. Kowane babban zakara na irin faɗa a ba shi ɗakinsa, in ba haka ba za su illata juna. 'Yan tsakinsu ma tun suna ƙanana suke fara dambe. A toshe ɓangaren akurki da iskar hunturu ke bugowa, a bar sama a buɗe don iska ta zaga. A share kashi, a zuba toka da yashi inda za su yi birgima saboda kwarkwata. Dawa da gero kaɗai ba sa gina irin wannan jiki. A ƙara dusa, ƙuli, waken suya da aka soya, gara da ganyen zogale. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi ko a ƙone, kada a jefa a juji kare ya ja ta cikin gari. Shaho, muzuru da ɓarawo kuwa, raga da kwaɗo sun ishe su.

In kaji suka riƙa mutuwa farat ɗaya, zanko ya yi shuɗi, fuska ta kumbura, a garzaya wurin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma, kada a yanka a ci. Murar tsuntsaye da ta ɓulla a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna a farkon 2006 ta iso Kano, ta sake dawowa a 2015, kuma ita tana kama mutum.

Samari, sha'awar kiwo abu ne mai kyau, ta fi zaman banza nesa ba kusa ba. Amma wanda ba zai iya sayen rigakafi sau uku ko huɗu a shekara ba, ya haƙura da zakaran tsada, ya bar akuyarsa ta haihu.