Allura Ba Ta Gina Kofato

A wata gona da ke bayan garin Zariya, wani ma'aikaci da ya yi ritaya ya zuba kuɗin sallamarsa a shanun tatsa, irin ruwa-biyun nan na Firishiyan da Bunaji da cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta daɗe tana aiki a kansu. Ya yi musu rumfar kwano, ya malale ƙasa da siminti, ya ɗauki yaro mai kula. Wata uku da haihuwar wadda ta fi kowacce nono, sai ta fara tafiya kamar mai taka ƙaya. Bayanta ya yi doro, ta daina rige-rigen zuwa komi, madara ta ja baya.

Abin da aka yi mata shi ne abin da ake yi ko'ina. Aka aiki yaro kasuwa ya sayo allurar nan mai ruwan ɗorawa da kowa ke kira LA, aka danna mata, aka jiƙa kanwa aka ba ta. Da ba a ga sauƙi ba, aka ƙara wata allurar. Madarar kuwa ba a fasa kai ta gari ba, da ragowar maganin a ciki, yara suna sha. Aka shafe mako uku ana wannan kame-kame, ba wanda ya yi tunanin ɗaure saniyar ya ɗaga ƙafar ya duba. Ranar da likitan dabbobi ya zo ya fere kofaton waje na ƙafar baya, inda irin wannan ciwo ya fi kwana, sai ga gyambo a tafin, har ya fara ruwa.

Maigidan ya ce sammu ne ko kambun baka. Likita bai ce masa komai ba, komin abinci ya nufa.

Dusar masara ce fal, safe da yamma, don an gaya wa maigidan dusa ce ke kawo nono. Harawa da ingirici sai ɗan abin da ba a rasa ba. Saniyar da aka cika wa ciki da dusa ba ta samun abin tuƙa, yawun da ke kashe tsamin tumbi ya ragu, tumbin ya yi tsami, kashi ya koma ruwa-ruwa mai kumfa. A irin wannan tumbi ƙwayoyin halittar da ke samar mata da bayotin, sinadarin da ke haɗe ƙwayoyin kofato kamar yadda siminti ke riƙe bulo, ba sa aikinsu yadda ya kamata. Ga ta kuma tsaye wuni guda a kan siminti, cikin caɓin kashi da fitsari da ke jiƙa kofato ya yi laushi, babu busasshen wurin kwanciya, alhali saniyar tatsa tana bukatar kwanciyar awa 12 ko fiye a rana.

Sai batun kanwa, wadda masu shanu suka ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfinta. Ba a raina ta ba: 'yar uwar soda ce, tana rage tsamin ciki, kuma makiyaya sun san darajar gishiri tun kaka da kakanni. Shi ya sa har yau ake kora garkuna zuwa Ingal a jihar Agadas idan damina ta zo ƙarshe, su lashi ƙasa mai gishiri. Amma saniyar ruga tana yawo, tana cin ciyawa da ganyaye iri-iri, ƙasa tana goge mata kofato. Wadda aka tsare a rumfa ba ta da komai sai abin da aka zuba mata. Kofato yana bukatar zinki don ya ginu ya kuma warke idan ya ji rauni, yana bukatar sinadarin jan ƙarfe don ya yi tauri. Kanwa ba ta wadatar da ko ɗaya daga cikinsu. Saniyar da ke taunar ƙashi ko tsumma da rani, tana tafiya a sandare, sau da yawa fosforas take nema, shi ma ba a kanwa yake ba.

Mutumin da ya iya fitar da miliyoyi ya sayi saniya, amma yake ganin kuɗin bulon gishirin lasa ɓarna ne, shi ne abin mamakin. Wanda ya daure ya saya kuma ba ya karanta takardar jikin bulon, alhali wasu kusan gishiri ne zalla da aka rina. A duba a ga zinki da jan ƙarfe da fosforas a rubuce. Kada kuma a yi gaban kai a haɗa bulo da garin sinadarai da allurar seleniyam lokaci guda, domin seleniyam idan ya yi yawa shi da kansa yake tsattsaga kofato, ya zubar da gashin jela. A kuma nisanta tumaki da bulon shanu, jan ƙarfen da ke cikinsa yana taruwa a hantarsu ya kashe su.

Sai haƙuri, wanda shi ne ya fi ƙaranci. Kofato yana tsiro ne kamar milimita 5 a wata, kafin sabo ya sauko daga sama ya taɓa ƙasa sai an haura shekara. Ko miligiram 20 na bayotin da ake ba saniya kullum sai an yi wajen wata shida kafin a ga amfaninsa. Wanda ya ba da mako biyu ya ce bai ga komai ba, bai ma fara ba. A fere kofato sau biyu a shekara, a shimfiɗa yashi ko ƙaiƙayi a makwanci. Idan kuwa shanu da yawa suka kama ɗingishi tare, ga dalala, ga ƙuraje a baki, wannan boru ne, a kira likita a ranar.

Saniyar Zariya ta tashi, bayan an liƙa mata ɗan katako a lafiyayyen kofaton don mai ciwon ya huta. Nonon wannan haihuwar dai bai dawo yadda yake ba, kuma da likitan ya ɗaga ƙafafun sauran, biyu daga cikinsu tafin ya riga ya fara ja.