Buhun wake ya zama gari: mu bi sawun ɓarna

Ƴan'uwa manoma, mai bin sawun ɓarawon akuya daga turken da ya tarar wayam yake farawa, ya bi ƙafa baya-baya har inda ta fito. Haka za mu yi yau da wake.

Ga bazara ta shigo, wake ya yi tsada a kasuwar Maradi da ta Damagaram. Kun kwance buhu, sai gari da wari, kowace ƙwaya da huda biyu ko uku. Kada ku ce tsautsayi ne. Ku tambayi kanku: ta ina ƙwaro ya shiga, alhali bakin buhu a ɗaure yake?

Bai shiga ba. A ciki aka haife shi. Hudar da kuke gani ƙofar fitarsa ce, bayan tsutsa ta cinye cikin ƙwayar. Uwa guda tana iya yin ƙwai har kusan 100, kuma lokacin zafi, cikin kamar wata guda ƙwan ya zama uwa. Ku lissafa da kanku daga kaka zuwa bazara.

To, uwar farko fa? Mu ƙara komawa baya, sai mu iske kanmu a gona. Tun wake yana bisa, take saka ƙwai a jikin kwanso. Wanda ya bar wakensa ya bushe ya daɗe, yana can wajen yankan hatsi, ya ba ta lokaci. Don haka a yi roro da wuri, ko sau biyu ne ko sau uku. Tsohon buhu da rumbun da ba a share ba, su ma suna ajiye ƙwarin bara.

Saura tambaya guda, kuma a ganina ita ce babba: me ya raya shi wata biyar cikin buhu? Iska. Ƙwaro yana numfashi kamar mu. Wannan ita ce dabarar buhun PICS, mai leda biyu ciki da buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka da ma'aikatan INRAN suka fara yaɗawa a ƙasarmu a 2007. A shanya wake ya bushe ƙayau, har ya yi ƙara in an ciza. A duba leda ba huda, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin za su shanye iskar da ta rage su mutu, ba tare da an sa magani ba. Jarka ma tana yi, in an cika ta har wuya aka rufe gam.

Amma fa mai buɗewa kowace Juma'a don ɗibar tiya guda, shi ke ba ƙwaro numfashi da hannunsa. Na ci a ware shi daban. Buhun kuma a ɗora shi bisa katako, nesa da bango, don ɓera in ya huda leda, aikin ya tashi banza.